IDAN CIWO YA TASO DA TSAKAR DARE: WANNE NE ZAI JIRA SAFIYA, WANNE NE BA ZAI JIRA BA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

 

Darasinmu na yau ba na haɗa magani ba ne. Yau babu habbatus sauda, babu hulba, babu zaitun. Magana za mu yi a kan lokacin da ya kamata a ajiye kwalbar magani a ɗauki mara lafiya a nufi asibiti, ko da ƙarfe 2 na dare ne, ko ranar Asabar da Lahadi, ko ranar Sallah. Saƙonnin da kuke turo mini da dare su suka sa. Wani ya rubuto, "Malam, yarona yana jijjiga, me zan ba shi?" Wata ta ce, "Malam, ƙanwata ta haihu jini ya ƙi tsayawa, wane jiƙo za mu yi?" To wallahi amsar irin waɗannan tambayoyi ba ta cikin wayata. Mintunan da kuka ɓata kuna jiran in ga saƙo, a cikinsu rai yake fita.

Don haka a karanta da natsuwa, a adana, a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

*1. MATSAYIN SHARI'A*

Kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da malaman usulu suka ce Shari'a ta zo don tsare su. Neman magani kuma ba ya warware tawakkali. Ku duba yaƙin Khandaƙ a shekara ta 5 bayan Hijira: da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) a jijiyar hannu, an kwantar da shi a hemar Rufaida (RA) cikin masallaci, inda take jinyar masu rauni. Imamu Muslim kuma ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu (RA) likita. Kun ga wanda addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa, amma ya miƙa mara lafiya ga masu sanin aikin.

Akwai kuma gargaɗi a kanmu mu masu ba da magani. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda da waninsa suka ruwaito cewa wanda ya tsoma hannu a aikin magani alhali ba a san shi da iliminsa ba, alhakin ɓarnar yana wuyansa. Mai maganin da aka kawo masa mace tana zubar da jini ya ce a zauna a sha rubutu zuwa safiya, ya ci amana. Ni itatuwa na sani, da zuma, da ƙaho. Ba ni da jinin da zan ƙara wa mutum, ba ni da iskar oksijin, ba na tiyata. Kowane gwani da iyakarsa.

Abubuwa uku na fiƙihu da ke hana mutane motsi, bari mu warware su tun yanzu:

• Idan babu likita mace, ya halatta likita namiji ya duba mace gwargwadon larura. Kar kunya ko kishi su sa a rasa rai.
• Mai azumin da ciwo ya kai shi ga halaka zai sha ruwa, ya rama daga baya. Wani lokaci ma wajibi ne a kansa.
• Ruƙya ba ta hana tafiya. Karanta Fatiha da falaƙi da nasi kana tofa masa a cikin mota. Baki yana karatu, mota tana gudu.

*2. JINKIRI UKU DA KE KASHE MUTANE*

Masana lafiya da suka yi nazarin mutuwar mata wajen haihuwa sun kasa jinkiri gida uku, kuma wannan kashi ya dace da kowane ciwon gaggawa.

Na farko, jinkirin yanke shawara a gida: "bari mu gani zuwa asuba", "maigida ba ya nan", "a kira Hajiya tukuna".
Na biyu, jinkirin hanya: babu mota, babu mai, babu kuɗi, ga tsoron dare.
Na uku, jinkiri a asibiti: an je inda ba sa aikin dare, ko babu jini, ko an tsaya a ƙofar da ba ita ba.

Na farko gaba ɗaya a hannunmu yake. Na biyu da na uku kuma shiri yana rage su sosai. Za mu bi su.

*3. ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU*

*Ga ƙananan yara:*
• Jaririn da bai kai wata 3 ba ya yi zazzaɓi, ma'aunin zafi ya nuna 38 ko sama. Ko kuma jikinsa ya yi sanyi ƙalau ya ƙi kama nono.
• Jijjiga, musamman idan ta wuce minti 5 ko ta maimaita.
• Yaro ya kasa shan komai, ko duk abin da ya sha sai ya amayar.
• Barcin da ba a iya tada shi, ko ya yi laushi kamar tsumma.
• Saurin numfashi. Ɗaga rigarsa, kalli agogo, ƙirga minti 1 cif lokacin da ba ya kuka. Ƙasa da wata 2: numfashi 60 ko fiye. Daga wata 2 zuwa shekara 1: 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5: 40 ko fiye. Idan kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, wannan ciwon huhu ne mai tsanani.
• Gudawa da ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, fitsari ya ɗauke, ka tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa da wuri.
• Tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat. Jini ne ya yi ƙasa, kuma zazzaɓin cizon sauro yana yawan jawo haka.

*Ga masu ciki da masu jego:*
• Zubar jini ko wane iri lokacin ciki.
• Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a saman ciki. Waɗannan su ne 'yan aiken jijjigar masu ciki, kuma hawan jini ke kawo ta. Asibiti suna da allurar da ke tare ta.
• Naƙuda ta wuce awa 12 babu haihuwa. Doguwar naƙuda ce take barin 'ya'yanmu da yoyon fitsari.
• Hannu ko ƙafa ko cibiya ta riga fitowa.
• Mabiyiya ba ta faɗo ba bayan rabin awa. Kar a ja ta.
• Jini yana zuba bayan haihuwa, zane yana jiƙewa ana canzawa. Wannan yana iya kashe mace lafiyayya cikin awa 2. A sa jariri a nono, a riƙa murza mara da ƙarfi, ana hanya.
• Motsin ɗa ya ragu sosai ko ya tsaya.

*Ga manya:*
• Baki ya karkace, hannu ɗaya ko ƙafa ta yi nauyi, magana ta harɗe farat ɗaya. Mutane sai su ce iska ce ta buge shi, a kama turare. Wannan shanyewar ɓarin jiki ce: jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. A lura da ainihin lokacin da abin ya fara, domin likita zai tambaya, kuma awannin farko su ne masu tsada.
• Ciwo ko nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora dutse, yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi. Da yawa suna cewa olsa ce, su sha kanwa su kwanta, sai dai a wayi gari da salati.
• Numfashi ya gagara, mai asma ya shaƙi maganinsa bai sake shi ba, ba ya iya gama jimla ɗaya.
• Zazzaɓi da sanƙarewar wuya da gudun haske, musamman lokacin zafi daga Fabrairu zuwa Mayu. A yi zaton sanƙarau.
• Gudawa kamar ruwan wankin shinkafa babu ƙaƙƙautawa. Kwalara tana tsotse babba cikin 'yan awanni.
• Aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta.
• Ciki ya yi tauri kamar katako. Ƙaba ta fito ta ƙi komawa, ga amai. Fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, mara ta cika.
• Yaro ko saurayi ya farka da matsanancin ciwo a ɗan maraina ɗaya. Murɗewa yake yi, kuma idan aka wuce kamar awa 6 ana iya rasa shi. Samari suna ɓoyewa don kunya, iyaye maza a riƙa tambaya.
• Mai sikila ya yi zazzaɓi, ko ciwon ƙirji, ko ya yi fari.
• An bugu a kai, daga baya amai ko barci ko ruɗewa suka biyo.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba ni zai kira ba. Direba zai kira.

*4. ABIN DA ZA A YI KAFIN A ISA*

Hausawa suka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Taimakon da ba ilimi a cikinsa ya kashe mutane da yawa.

*Jijjiga:* A kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sassauta tufa. Kar a cusa cokali ko yatsa a baki. Kar a ɗura komai, ko ruwa ko rubutu ko man ja, domin huhu zai tafi. Kar a kai ƙafarsa wuta, kar a matsa albasa a ido, kar a turara masa hayaƙi.

*Wanda ya suma:* Idan yana numfashi, a kwantar da shi a gefe don kar amai ya shaƙe shi. Ba a ba sumamme abin sha. Haka mai shanyewar ɓarin jiki, ba abinci ba ruwa sai likita ya duba haɗiyarsa.

*Zazzaɓi mai zafi:* Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a sanyaya zazzaɓi da ruwa. A rage tufa, a goga jiki da ruwa mai ɗan ɗumi, ba na ƙanƙara ba. A ba da farasitamol daidai da shekarun yaro kamar yadda aka rubuta a kwalba. Ba a ba yara asfirin. Ku sani saukar zafi ba warkewa ba ce, gwaji yana nan.

*Amai da gudawa:* A fara ORS nan take. Idan babu na leda: ruwa mai tsafta lita 1, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Kar a ƙara gishiri da sunan ƙarfi. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har cikin mota. Mai shan nono a ci gaba da ba shi.

*Faɗuwar suga:* Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura ya kama gumi, makyarkyata, maganarsa ta rikice. Idan yana iya haɗiya, a ba shi zuma ko sukari babban cokali 1 a ruwa, a sake bayan minti 15 idan bai dawo ba. A nan zuma tana aiki kamar yankan wuƙa. Amma a kula, ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 zuma.

*Zubar jini daga rauni:* A ninka ƙyalle mai tsafta a danne da ƙarfi, kar a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Idan ya jiƙe a ɗora wani a kai. Ba ƙasa, ba toka, ba garin magani. Idan wuƙa ko ƙarfe ya maƙale, a bar shi inda yake.

*Ƙuna:* A riƙa zuba ruwan sanyi na minti 20. Ba ɗanyen ƙwai, ba man goge baki, ba baƙin mai. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi.

*Saran maciji:* Kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa, dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga kamar lafiyarsa lau, sai dasashi ya fara jini. Kar a ɗaure da igiya, kar a tsaga, kar a tsotsa, kar a dogara da baƙin dutse. A cire zobe, a ɗaure ƙafar jikin sanda don kar ta motsa, a ɗauke shi, kar ya yi gudu. Kar a ba shi asfirin ko ibufurofen. Kar a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Allurar kashe dafi ita ce magani, kuma asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya shahara da wannan aiki. Ku da ke karkara ku binciki inda ake samun allurar kusa da ku tun kafin damina.

*Shan guba:* Yaro ya sha kalanzir ko fetur ko fiya-fiya. Kar a sa shi amai, kar a ɗura man ja ko madara. Kalanzir idan ya dawo da amai huhu yake shiga. A cire tufar da maganin ya zuba, a wanke fata, a tafi da kwalbar don likita ya ga abin da aka sha.

*Hayaƙin janareta da gawayi:* Wannan masifar dare ce. Iskar ba ta da wari ba ta da launi. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da amai tare, a buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a nufi asibiti. Ba a kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ba a kunna janareta a soro ko baranda rufaffiya.

*5. INA ZA A NUFA?*

Kemis ba asibiti ba ne. Mai kemis ɗan uwanmu ne, yana taimako a ƙananan abubuwa, amma ba shi da jini, ba shi da ɗakin tiyata. Ƙarin ruwan da ake rataya wa mutum a bayan kanti yana cinye awannin da ake buƙata.

Ƙananan asibitocin unguwa da yawa suna rufewa da yamma. Wasu suna karɓar haihuwa da dare, wasu ba sa yi. Babban asibitin gwamnati da asibitin koyarwa kuwa suna da sashen gaggawa, wanda muke kira emajansi, a buɗe awa 24. A Kano akwai asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, ga Hasiya Bayero na yara. A Zariya akwai Shika, a Sakkwato akwai asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo. Kowa ya san na garinsu.

In an isa, kar a je layin yankan kati na safe. Babba a kai shi emajansi, yaro sashen gaggawa na yara, mai ciki ɗakin haihuwa kai tsaye. Faɗa wa nas abin da ya fi tsanani a kalma kaɗan: "Ta haihu ƙarfe 1, jini bai tsaya ba." "Ya yi jijjiga sau 3." Ba a fara da tarihin bara. A emajansi ba wanda ya riga zuwa ake fara gani ba, wanda ya fi kusa da halaka ne. Idan an tsallake ka, ka yi haƙuri. Idan kuma jikin naka ya canza kuna jira, koma ka faɗa, cikin ladabi amma da ƙarfi.

Don Allah, ku faɗa wa likita gaskiyar duk abin da aka ba mara lafiya a gida, har da jiƙo da tsimi da maganin da kuka karɓa a wurina. Ɓoyewa tana iya sa a ba shi abin da zai yi karo da shi.

Lambobi: a Najeriya lambar gaggawa ita ce 112, kyauta ce. Haɗarin hanya kuma 122 ta jami'an kiyaye haɗurra. 'Yan uwanmu na Nijar suna da 15 ta agajin lafiya da 18 ta 'yan kwana-kwana. A kira, amma idan akwai abin hawa a kusa kar a zauna jiran motar asibiti.

Ta fuskar doka, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Dokar 2017 kuma ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ku san haƙƙinku. Duk da haka mun san halin ƙasa: za a iya cewa a sayo safar hannu, a sayo ruwa, a sayo allura. Shi ya kawo mu magana ta gaba.

*6. BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA*

Aikin gida na wannan mako. Kowane magidanci ya yi waɗannan kafin Juma'a:

1. Ka je da rana ka tabbatar da asibiti mafi kusa da ke aikin dare, ka ga ƙofar da ake shiga.
2. Ka ajiye lambar masu abin hawa 3 a unguwa, mai adaidaita ko mai mota, ku yi magana tun yanzu. Ka rubuta a bango, ka sa a wayar uwargida. A wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi tana da shirin kai masu naƙuda asibiti, ka tambaya a tashar garinku.
3. Ka ba iyalinka izini tsayayye a gaban mahaifiyarka: "Idan ciwo ya taso ba na nan, ku tafi, kar ku jira ni." Magidanta, wannan jimla ba ta rage muku girma. Mata nawa aka rasa suna jiran wayar miji ta shiga?
4. Ka ware kuɗin da ba a taɓawa, a riƙe wasu a hannu, domin tura kuɗi ta waya yakan ƙi da dare.
5. Jaka ɗaya: katin asibiti, katin awo, takardun gwaji, kwalayen magungunan da ake sha, tocila, zane mai tsafta, ORS, farasitamol, ma'aunin zafi.
6. Idan akwai mai ciki ko mai sikila a gida, a san rukunin jininsu, a tanadi mutum 2 ko 3 da za su ba da jini. Ba da jini sadaka ce mai girma.
7. Inda ake da matsalar tsaro ko dokar hana fita, a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da wuri cewa akwai mai tsohon ciki a gida kaza.

Limamai da kwamitin masallaci, ga shawara: a buɗe ɗan asusun gaggawa, a san mai motar da za a buga wa ƙofa. Maƙwabcin da aka tada ƙarfe 3 na dare ya tashi ya tuƙa, ladansa Allah kaɗai ya san iyakarsa.

*7. WANDA ZAI IYA JIRAN SAFIYA*

Ba kowane ciwo ne na gudu ba, kar mu cika emajansi da mura. Tari da mura ba tare da wahalar numfashi ba, ciwon haƙori, ƙaiƙayi, tsohon ciwon gwiwa ko baya, zazzaɓi mai sauƙi ga babban da yake ci yake sha yake magana daidai, duk waɗannan za su kai safiya insha Allahu. A nan ne ruwan ɗumi da zuma da citta suke da wuri. Amma zazzaɓi kar ya wuce awa 24 ba a yi gwajin maleriya ba, musamman ga yaro da mai ciki.

Idan kuwa zuciyarki ta ƙi kwanciya, uwa, kika ga yaron nan ba yadda kika san shi ba ne, ki tashi ku tafi. Gara a ce muku ku koma gida ba komai, da a ce da kun zo da wuri.

Ajali ba ya gaba ba ya baya, wannan imaninmu ne. Amma sakaci abin tambaya ne ranar gobe, kuma kowannenmu makiyayi ne a kan iyalinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya sauki masu ciki lafiya. Allah ya saka wa likitoci da ma'aikatan jinya masu kwana a tsaye da alheri. Waɗanda suka riga mu Allah ya jiƙansu.

Mako mai zuwa insha Allahu za mu koma kan hulba da yadda mai jego za ta yi amfani da ita.

A tura wa sauran zauruka, ba a san ran da za a ceta ba.

Wassalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.